Sakakken Rubutu da Buroshi da Tawada: Yadda Ake Koyonsa Daga Tushe

Duk wanda ya ratsa kasuwar Birnin Kebbi ko ta Jega zai ga rubutu iri biyu a bakin shaguna. Akwai wanda na'ura ta buga a kan leda, haruffansa duk kai ɗaya. Akwai kuma wanda aka ja da hannu a jikin kwali ko katako: "Akwai ƙanƙara", "Ana cajin waya", "Shinkafa 'yar gida". A cikin na hannun, wani da ka gan shi ka san an sha wuya, an yi ta bi ana cikewa har harafin ya kumbura. Wani kuwa kallo ɗaya za ka yi masa ya kwanta maka a rai, ka ɗauka mai shi ko minti biyu bai ɓata ba. Wannan na biyun shi nake kira sakakken rubutu. Haruffansa ba su tsaya ƙiƙam irin na bugun littafi ba, sun ɗan kishingiɗa, kaurinsu yana ƙaruwa yana raguwa, kuma kowanne da ja biyu ko uku aka gama shi. Masu fentin alamun shaguna a Amurka da Ingila sun daɗe suna amfani da salon, saboda takardar farashin da za a canza gobe ba ta cancanci a kwana a kanta ba.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta ita ce: kowane ja sau ɗaya ake yin sa. Ka sauke buroshi, ka ja, ka ɗaga, ka wuce. Da zarar ka koma kana gyara gefen harafi, sakin ya tafi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa shiri ne don jan nan guda ya fito daidai.

Kayan da za ka tanada

Buroshi shi ne abin da bai kamata ka yi wa rowa ba. Nemi mai zagayayyen baki wanda ke ƙarewa da tsini, irin na masu zane da fentin ruwa. A jikin sandarsa akwai lamba. Mai koyo ya fara da lamba 6, idan da hali ya ƙara da lamba 3 ko 4 don ƙananan haruffa. Lambobin ba su zama ɗaya tsakanin kamfani da kamfani ba, don haka ka duba da ido: gashin ya kai tsawon santimita biyu ko kusa da haka. Sabon buroshi yakan zo a sandare saboda ɗanƙon da aka shafa masa a masana'anta. Ka jiƙa shi ya saki, ka kaɗe ruwan sau ɗaya da ƙarfi. Idan bakin ya haɗe ya yi tsini guda, nagari ne. Idan ya rabu biyu ko wasu gasu sun fanɗare, zai ba ka wahala har ƙarshen rayuwarsa. Sai ka danna shi a bayan hannunka ka ɗaga. Wanda ya miƙe ya koma yadda yake shi ake so. Mai gashin roba ya fi araha kuma ya fi saurin miƙewa, ni shi nake ba mai koyo shawara a kai. Buroshin da ke zuwa cikin akwatin fentin yara na makaranta kuwa, bar musu abinsu.

Tawada iri-iri ce, kuma ba kowacce ke son buroshi ba. Wadda ta fi dacewa ita ce baƙar tawadar zane da ake kira tawadar Indiya, ko da yake asalinta daga ƙasar Sin ne. Baƙin hayaƙi ne aka dama da ruwa da ɗanƙo, ba ta koɗewa a rana, kuma mafi yawanta idan ta bushe ruwa ba ya wanke ta. Kamfanoni irin su Pelikan da Winsor & Newton suna yin ta. Idan shagunan littattafai na kusa da kai ba su da ita, ka yi sautu Sakkwato ko Kano, kwalba ɗaya tana jimawa. Tawadar alƙalamin ruwa tana gudu da kyau, ta isa gwaji, amma rini ce, rana tana cin ta kuma ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata aikin. Tawadar hatimin ofis kada ma ka fara: an yi ta ne don kada ta bushe da wuri, sai ka dawo bayan an daɗe ka shafa ta biyo yatsa.

Tamu ta gida ma tana aiki. Wanda ya yi makarantar allo ya san tawadar gawayi da ƙaro. Don buroshi, baƙin tukunya ko na gilashin fitilar ƙwai ya fi gawayi, saboda ya fi laushi. Gawayi komai dakansa yakan bar tsakuwa-tsakuwa da ke cin gashin buroshi. Jiƙa farin ƙaro mai tsabta ya kwana, ka tace da ƙyalle. Kankare baƙin ka zuba cokali ɗaya a ƙoƙo, ka sa masa ruwan ƙaro cokali biyu, ka murza da bayan cokali har ya zama ƙulli. Kada ka fara da ruwa zalla, baƙin hayaƙi yana da maiƙo, zai taso sama ne ya ƙi haɗuwa. Bayan ya murzu sai ka riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin madarar gwangwani ta ruwa, ka sake tacewa. Gwada a takarda ka bar shi ya bushe. Idan ka shafa ya baƙanta yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. Idan yana ƙyalli yana tsattsagewa ko yana ɗanƙo, ƙaro ya yi yawa. Ka haɗa kaɗan, don takan yi tsami idan ta kwana biyu.

Akwai kuma wadda alarammomi ke dafawa da bagaruwa da kashin maƙera don rubutu a takarda. Sinadarin bagaruwar nan da majema ke jeme fata da shi ne ke haɗuwa da ƙarfe ya ba da baƙi. Tana sauka da haske-haske, sai ta sha iska take ƙara duhu, kuma ba ta gogewa. Tana da kyau ƙwarai a ido, sai dai tana da tsami, don haka ba a barin ta a jikin buroshi.

Takardar gwaji ba ta buƙatar tunani: farar takardar bugu ta A4, wadda aka rubuta giram 80 a jikin ƙunshinta, ko bayan tsohuwar kalanda, ko jarida. Za ka ci takarda da yawa, kada ka sayi mai tsada. Don aikin da za ka ba wani, nemi kwali mai santsi ko takardar fentin ruwa mai giram 200 zuwa 300. Ɗiga tawada a kusurwa tukuna. Idan ta bazu ta yi gashi-gashi a gefe, takardar tana sha da yawa, canza wata.

Saura fensir, rula, roba mai goge fensir, salatif, tsumma, gwangwanin ruwa biyu, da ɗan murfin kwalba da za ka tsiyaya tawada a ciki. Kada ka riƙa tsoma buroshi a uwar kwalbar. Ba ka ganin zurfin da ka kai, kuma barin ta a buɗe yana sa ta yin kauri.

Mataki na 1: zama da riƙo

Tebur ya fi, amma faffaɗan katako a kan cinya ma ya yi, muddin ba ya rawa. Liƙe takardar da salatif a kusurwa. Idan da dama kake rubutu, haske ya zo maka ta hagu don kada inuwar hannunka ta rufe bakin buroshi. Tawada da ruwa su zauna a ɓangaren hannun da kake aiki da shi, kada ka riƙa tsallake takarda da jiƙaƙƙen buroshi.

Riƙe buroshin da yatsu uku yadda kake riƙe biro, amma ka ɗan ja baya daga wuyan ƙarfen da ya riƙe gashin, kuma ka tsayar da shi fiye da biro, ya kusa miƙewa. Ƙaramin yatsa ko gefen tafi ya taɓa takarda yana zamewa. Motsin daga gwiwar hannu da kafaɗa yake fitowa. Yatsu aikinsu dannawa da sassautawa kawai. Sa wata 'yar takarda a ƙarƙashin hannunka. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Birnin Kebbi, gumi da maiƙon hannu suna sauka a takarda, in ka iso wurin tawada ta ƙi kamawa.

Wanda ya saba da alƙalamin kara yana da riba, hannunsa ya san tawada kuma ya san haƙuri. Amma akwai abin da zai sauke. A alƙalami, fiƙar baki ce ke ba da kauri da siranta, kai juya shi kawai kake yi. A buroshi nauyin hannunka ne: ka danna ya yi kauri, ka sassauta ya sirance. Bahago kuma ya karkatar da takardar zuwa dama, ya ajiye hannunsa a ƙasan layi, don kada ya bi ta kan abin da bai bushe ba.

Mataki na 2: ja layukan jagora

Sakakke ne, amma a kan layi ake koyonsa. Da fensir marar nauyi ka ja layi huɗu. Na farko layin zama, inda gindin haruffa ke sauka. Santimita 3 a samansa layin kafaɗa, inda a, n, u da o ke tsayawa. Santimita 2 a saman wannan layin kai, na dogaye irin su l, b, d, k. Sai santimita 2 a ƙasan layin zama don wutsiyar g, j da y. Wannan awon na buroshi lamba 6 ne, kuma takardar A4 a tsaye za ta ɗauki sahu uku da sarari.

Sai layukan kishingiɗa. A kowane santimita 6 na tsayi, ka karkata santimita 1 zuwa dama, wato kusan digiri 10. Ja irinsu a jere, tsakaninsu yatsa biyu. Don kada ka riƙa maimaita wannan aikin, yi shi sau ɗaya da baƙin biro mai kauri, ka riƙa sa takardar a ƙarƙashin ta gwaji, layukan za su nuno.

Mataki na 3: ɗibar tawada

Jiƙa buroshi da ruwa tukuna, ka matse a tsumma. Busasshen gashi yana zuƙe tawada har cikin wuyan ƙarfe, can kuma ba ta fita. Tsoma rabin gashin ko kashi biyu cikin uku, ka shafe a bakin murfin, sannan ka lailaya shi a wata takarda kana juyawa har tsinin ya dawo. Wannan lailayawar a kowace tsomawa ake yin ta, kuma ita ce masu koyo suka fi tsallakewa. Idan ɗigo ya taru a tsini, ta yi yawa, harafin farko zai zama tabo. Idan jan ya fara yin fari-fari tun daga tsakiya, ta yi kaɗan. Fari-farin da ke fitowa a ƙarshen ja kuwa ado ne, kada ka cike shi.

Mataki na 4: ja shida kafin harafi

Kada ka fara da sunanka, duk da na san shi hannu ke ƙaiƙayin rubutawa. Fara da waɗannan, kowanne ka cika sahu da shi.

Sanda: daga sama zuwa ƙasa, a danne. Sauke tsini, danna har cikin buroshin ya buɗe, ja da nauyi ɗaya, ka ɗan tsaya, ka ɗaga. Siriri: daga ƙasa zuwa sama da tsini kaɗai. Shi ya fi wuya, kuma zai yi rawa a kwanakin farko. Kwance: daga hagu zuwa dama da matsakaicin nauyi, ƙarshensa ya ɗan ɗaga sama. Kwano: ka sauko a danne, ka fara sassautawa kafin ka iso layin zama, ka yi kwana, ka hau a sirance, siffar u ke nan. Baka: kishiyar kwano, ka hau a sirance, ka lanƙwaso, ka sauko a danne, siffar n. Sai ƙwai: ka fara daga sama ta dama kaɗan, ka zagayo hagu kana ƙara nauyi, ka sassauta a gindi, ka hau ka rufe.

Wurin da ake faɗuwa shi ne kwana. Mai koyo yakan riƙe nauyin har ya iso ƙasa sannan ya saki gaba ɗaya, sai gindin ya yi ƙulu. Sassautawar tun daga kashi na uku na ƙarshe take farawa, a hankali, ta yadda kafin ka shiga kwanar tsini ne kawai ya rage a takarda. Kuma kada kamannin rubutun ya ruɗe ka. Yana kama da na sauri, amma a natse ake jan sa. Wurin fita kaɗai ake ɗan fizga. Idan hannunka yana rawa, gwada sakin numfashi yayin da kake saukowa. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Rubuta kwanan wata a kowace takarda ka adana, ranar da ka ji kamar ba ka ci gaba sai ka ɗauko ta makon farko.

Mataki na 5: haɗa haruffa

Kada ka bi su a jeren a, b, c. Bi su dangi-dangi. Fara da na sanda da kwano: i, l, t, u, ka rubuta "tulu" da "lilo". Sai na baka: n, m, h, r, ka rubuta "hannu" da "murhu". Sai na ƙwai: o, a, d, g, c, e, b. Tsakanin ja da ja ka ɗaga buroshi. Harafin a ƙwai ne da 'yar sanda, d ƙwai ne da doguwar sanda, n sanda ce da baka. Inda ja biyu suka haɗu, siririn ne ke shiga jikin mai kauri. Idan masu kauri biyu suka gamu, wurin zai cushe.

Ka ba harafin a lokaci fiye da kowane harafi. Babu harafin da ya kai shi yawa a Hausa, duba "albasa", "shinkafa", "Dakingari". Idan a ɗinka ya yi kyau, rabin rubutun ya yi kyau. Ramin cikinsa ya zama a buɗe, don tawada takan ci daga ciki, kuma daga nesa rufaffen a ba a bambanta shi da o.

Masu taurin kai su ne s, k, w, y da z. A manyan haruffa ana yin s da ja uku: gadon bayan a danne tukuna, sannan kai, sannan gindi. Shi k, sanda, sai hannu ya shigo daga dama a sirance, sai ƙafa ta fita a danne ta ɗan zarce. Sunayen garuruwanmu sun isa filin gwaji: Gwandu, Yauri da Zuru don w, y da z, Argungu don wutsiyar g, Birnin Kebbi don b biyu a jere da ɗigon i har uku.

Sai masu ƙugiya, waɗanda littattafan koyon rubutu na waje ba za su nuna maka ba. A ƙananan ɓ, ɗ da ƙ, kan sandar ne ke lanƙwasawa zuwa dama, irin kan f. Kada ka ja b sannan ka liƙa masa ƙugiya daga baya, ɗinkin yana nunawa. Fara daga bakin ƙugiyar ta dama da tsini, ka hau ka zagayo hagu, ka sauko a danne, duk a ja guda. Ƙugiyar ta fito sosai, faɗinta ya kai rabin jikin harafin, in ba haka ba daga nesa za a ɗauka hannu ne ya goce, a karanta "Maraba da baki" a ƙofar wurin walima. A ɓ da ƙ ƙugiyar a kan jikin harafin take rataye, ba ta takura wa kowa. Ta ɗ kuwa waje take leƙawa, kan harafin da ke biye. Idan a ne ko u, akwai fili. Idan i ne, kamar a "ɗinki", za ta yi karo da ɗigon, sai ka matsar da ɗigon dama kaɗan ko ka rage masa tsayi. Inda suka zo biyu, irin "miƙaƙƙe" ko "haɗaɗɗe", ta farkon ta fi gajarta. Manyan sun sha bamban: a Ɓ da Ɗ ƙugiyar ta hagu take fitowa daga sama, a Ƙ kuma hannun dama na sama ne ke lanƙwasa. Waƙafin 'y, kamar a "'yar gida", ka ba shi gurbinsa, kada ya manne wa y.

Mataki na 6: tazara

A ganina nan ne ake gane wanda ya iya. Haruffa masu matsakaicin kyau da tazara mai kyau sun fi kyawawan haruffa da aka watsar. Rula ba ta da amfani a nan, domin ba nisan ake aunawa ba, yawan farin da ke tsakani ido ke gani. Sanda biyu a jere, kamar l biyun da ke cikin "Sallah", su suka fi buƙatar fili. Sanda da ƙwai a rage kaɗan. Ƙwai biyu su kusa taɓa juna. Su w, y da r suna da fili a jikinsu, sai maƙwabcinsu ya matso ciki. Tsakanin kalma da kalma ka bar gurbin da o ɗaya zai shiga. Masu koyo sukan bar ninkin haka, sai jimlar ta tarwatse.

Don dubawa, juya takardar ƙasa ta koma sama, ka lumshe ido. Da yake ba ka iya karantawa, ramuka da cunkoso za su fito fili. Ko ka ɗauki hoto da waya ka kalle shi a ƙarami.

Mataki na 7: sakin

Sai hannu ya saba da layi ake fara saɓa masa. Bari wasu haruffa su nutse ƙasan layin zama da milimita 2 ko 3, wasu su ɗan ɗaga. Ba duka ba, ɗaya cikin uku ya isa. Tagwayen haruffa kada su fito sak: a "Sallah" l ta biyu ta ɗan gajarta, a "gaggawa" wutsiyar kowane g ta bi tata hanyar. Babban harafin farko ya fi saura girma da walwala, harafin ƙarshe kuma ana iya jan ƙafarsa ta zama layi a ƙarƙashin kalmar. Abu biyu ne ba sa canzawa: kishingiɗar da kaurin sanda. Su ke riƙe kalmar yayin da sauran ke wasa. Idan su ma suka fara yawo, ba sakakke ba ne kuma, rubutun kasala ne.

Game da ado ra'ayina gajere ne: lanƙwasa ɗaya a kalma ta isa. Mai neman ƙanƙara daga kan babur yake karantawa.

Mataki na 8: aikin farko

Ɗauki gajeren zance, misali "Akwai ƙanƙara". Zana ƙananan akwatuna uku ko huɗu da fensir ka gwada tsari. Kalmar da ake so a fara gani ita ce "ƙanƙara", ita za ta yi girma a ƙasa, "Akwai" ta zauna a sama da rabin girmanta. Don ta zauna a tsakiya, ƙirga haruffa: bakwai ne, na huɗu shi ne ƙ ta biyu, ita za ta hau tsakiyar kwalin. Ka tuna m da w sun fi faɗi, i da l sun fi siranta, sai ka gyara da ido. Wannan ƙirgar ce maganin abin nan da muke gani kullum, kalma ta fara da ƙatti ta ƙare da 'yan mitsi-mitsi a bakin allo. Bar fili a kowane gefe, aƙalla faɗin harafi ɗaya.

Da fensir ka ja ƙashin haruffan kawai, layi guda-guda. Kada ka zana gefe da gefe, don zai mayar da kai mai cikewa. Ɗumama hannu a takardar gwaji na minti biyar, sannan ka hau kwalin, daga sama zuwa ƙasa. Idan wani ja ya ɗan karkace, wuce, sau da yawa in an gama ba ya fitowa. Tanadi kwali uku ka rubuta sau uku ka zaɓi ɗaya. Na farko yakan fito a ɗarare.

Kada ka yi saurin goge fensir. Saman tawada yakan bushe alhali inda ta taru da saura. Ba ta rabin awa, da damina fiye da haka. Tawadar ƙaro kuwa roba tana iya jan ta ko ta bushe, don haka fensirin ya zama mai haske sosai ka bar shi kawai.

Yanayi da kula da buroshi

Da hunturu tawada tana bushewa a bakin buroshi kafin ka gama kalma, ta murfin kuma tana kauri kana kallo. Tsiyaya kaɗan-kaɗan, ka riƙa ɗiga mata ruwa, ka ɗauraye buroshi duk bayan 'yan mintuna. Kashe fanka, ka kakkaɓe ƙurar takarda kafin ka fara, don ƙwayar ƙasa ɗaya tana raba tsini biyu. Da damina takarda tana shan laima, sai tawada ta riƙa bazuwa. Ajiye ta cikin leda a ɗaure. Aikin dare kusa da fitila yana jawo ƙwari su faɗa kan ɗanyen rubutu.

Da ka gama, wanke buroshi nan take. Tawadar Indiya idan ta bushe a gindin gashi, bakin ya buɗe ke nan har abada. Ɗauraye a gwangwanin farko, sannan na biyu, ka shafa sabulun wanka a tafin hannu ka juya gashin a hankali har kumfar ta daina baƙi. Ruwan sanyi, ba na zafi ba, don zafi yana sassauta gam ɗin da ya riƙe gashin. Gyara tsinin da yatsa, ka kwantar da shi ya bushe. Kada ka bar shi tsaye a cikin ruwa, gashin zai lanƙwashe ya zauna a haka.

Duk wannan na takarda da kwali ne, abin da zai zauna a inuwa: katin biki, sunan jariri, takardar farashi, sanarwar makaranta. Allon da zai sha rana da ruwa a waje fentin mai yake so, a kan katako ko ƙarfen da aka riga aka shafa wa farin fenti ya bushe. Jan duk ɗaya ne, sai dai fenti ya fi nauyi, yana tafiya a hankali, ana tsinka shi da ɗan kananzir kuma da shi ake wanke buroshin. Ware masa buroshinsa daban, wanda ya taɓa fentin mai ba ya komawa tawada.